Kan jirgi ke kuka, tarago ke ɗaukar kaya

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin lakwal, ko ya ga hoton jirgin ƙasa na zamanin kwal da tururi a jikin kalanda, abu guda ne zai tarar: kan jirgi, baƙi wuluk, yana tuƙo hayaƙi, direba ya leƙo ta taga. Abin da ke biye da shi kuwa, wannan dogon jerin akwatuna masu launin tsatsa, mai ɗaukar hoto bai cika ɓata fim a kansu ba. Alhali kan jirgi ba ya kawo wa kamfani ko dala guda. Shi ci kawai yake yi: ya ci kwal, ya sha ruwa, ya sha mai. Kuɗin yana cikin tarago, wanda wasu tsofaffi ke kira wagunu, domin a cikinsa ne buhu yake, kuma a kan buhu ake biyan lada.

Akwai wasu mutane a Amurka da Turai waɗanda suka gane haka ta wata hanya mai ban mamaki. Sha'awarsu ita ce ƙera ƙananan jiragen ƙasa, abin da Faransawa ke kira maket. A cikinsu kuma akwai wani rukuni da ya juya wa kan jirgi baya, ya duƙufa a kan taragun kaya na zamanin tururi kaɗai. Dattijai ne galibi, wasu likitoci, wasu malamai, wasu tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka yi ritaya. Mai kallo daga nesa zai ce girma ya faɗi, manya na wasan yara. Wanda ya matsa kusa zai ga ba haka abin yake ba.

Da farko dai aikin lissafi ne. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba kowane tsawo gida 87 a ɗauki ɗaya. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo a galibin Turai da Amurka milimita 1,435 ce. A kan tebur sai ta koma milimita 16.5. Taragon rufi na Amurka, mai tsawon mita 12 da ƴan kai, ya zama santimita 14, abin da bai kai taƙi guda ba. Akwai ma'auni mafi ƙanƙanta, na ɗaya bisa 160, akwai kuma manya. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fara tsara faɗin dogon wasa tun 1891, mujallar Loco-Revue ta fara fitowa a Faransa a 1937, kuma a 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa domin taragon wannan kamfani ya iya haɗuwa da na wancan. Kamfanin Jouef, wanda aka kafa a 1944, shi ya shigar da abin gidajen talakawan Faransa da kaya masu araha.

To amma lissafi yana da tarko. Idan aka rage tsawo da faɗi da bisa, kowanne gida 87, nauyi zai ragu fiye da sau 658,000. Taragon ƙarfe mai nauyin tan 20 ba kaya, sai ya koma giram 30, nauyin da ko numfashi zai ture. Irin wannan ba ya zama a kan dogo. Da an shiga kwana sai ya tuntsure. Dole maƙeri ya ɓoye darma a cikinsa har ya kai wajen giram 110, kamar yadda ƙa'idar ƙungiyar ta Amurka ta tanada. Watau don tarago ya yi tafiya irin ta gaskiya, sai an yi wa nauyinsa ƙarya. Bayan wannan sai batun tsufa. Tarago sabo fil yana sheƙi ba ya kama da na aiki, saboda haka sai a bi shi da garin alli da fenti mai ruwa-ruwa, a yi masa tsatsa a inda ruwan sama ke zuba daga rufi, a yi masa baƙin toka a sama, a kwaikwayi rubutun alli da ma'aikatan tasha ke yi a gefen ƙofa. Abokansu na yi musu ba'a da sunan masu ƙirga ƙusa, domin sukan zauna da madubin ƙara girma a kan tsohon hoto suna ƙidaya layukan ƙusoshin da suka riƙe ƙarfe, don tantance wace masana'anta ce ta ƙera taragon, kuma a wace shekara.

A nan ne wasa ya rikiɗe ya zama tarihi. Ba a ƙera abin da ba a sani ba. Mai son ya yi taragon 1948 daidai, tilas ya san abin da aka rubuta a jikinsa, kuma jikin tarago littafi ne buɗaɗɗe: sunan kamfanin da ya mallake shi, lambarsa, nauyinsa ba kaya, iyakar abin da zai ɗauka, watan da aka ƙera shi, tashar da aka sake auna shi a sikeli. A Amurka akwai wani kundi da ake bugawa sau huɗu a shekara, mai ɗauke da jerin taragun kowane kamfani da awonsu ciki da waje. Kamfanoni na jefar da tsohon bugu da zarar sabo ya fito. Masu ƙirga ƙusa su suka tsince su, tare da zanen injiniyoyi da takardun kaya da hotunan masana'antu, a lokacin da gidajen tarihi ke rububin ajiye kawunan jirage kaɗai. Kan jirgi idan ya tsufa akan kafa shi a dandali a yi masa fenti. Tarago kuwa sai a ƙone katakonsa a sayar da ƙarfen, ko a cire masa ƙafafu ya zama rumbun wani manomi.

Abin da suka tono yana da amfani ga duk mai harkar fatauci, domin kowane irin tarago amsa ce ga wata matsalar kasuwa. Mai rufi don kayan da ke tsoron ruwa da ɓarawo. Buɗaɗɗe mai ƙofa a ciki ta ƙasa don kwal, a buɗe ya zube da kansa ba lebura. Mai tanki don kananzir. Mai shimfiɗa don katako da injuna. Mai tagogin iska don dabbobi, waɗanda dokar Amurka ta 1873 ta hana a tsare su fiye da awa 28 ba ruwa ba hutu. Sai kuma mai ƙanƙara, wanda ake zuba wa tubalan ƙanƙara ta rufi a goshi da ƙeya, a riƙa ƙara masa a tashoshin hanya. Wannan na ƙarshe shi ya sauya cinikin nama: maimakon a kai sa da ransa gabashin ƙasar, a biya ladar ƙaho da kofato da tumbi, sai mahautan Cikago irin su Gustavus Swift suka koma yanka a wuri guda suna aika nama tsantsa. Masu fataucin shanu daga Tawa da Damagaram zuwa kudu ba sa bukatar a fassara musu ma'anar wannan lissafi.

An kuma biya wannan ci gaba da jini. Kafin a gyara tsari, ma'aikaci kan shiga tsakanin tarago biyu da hannunsa ya saka ƙarfen ɗauri, kuma da yawa sun bar yatsunsu a can. Masu taka birki kuwa a kan rufi suke gudu, jirgi na tafiya, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, suna murɗa birkin kowane tarago ɗaya bayan ɗaya. George Westinghouse ya fito da birkin iska a 1869, Eli Janney ya yi rajistar ƙugiya mai kama kanta a 1873, amma sai da doka ta tilasta a 1893 kafin kamfanoni suka yarda su kashe kuɗin. Maƙerin maket yana sane da duk wannan, domin idan ya ɗora birkin da bai dace da shekarar ba, abokansa za su gani nan take.

Faransa ma tana da taragon da tarihi ya yi wa nauyi. Ƙarami ne, mai ƙafa huɗu, na katako, an rubuta a jikinsa "Hommes 40, Chevaux 8", watau mutum 40 ko doki 8. A cikin irinsa aka kwashi sojoji zuwa fagen daga a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, har da sojojin Afirka da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da ta mallaka. A cikin taragun kaya masu rufi ne kuma aka kulle Yahudawa daga sansanin Daransi, kusa da Paris, zuwa sansanonin halaka. Akwai guda da aka ajiye a wurin don tunawa. A 1949 Faransawa suka cika 49 daga cikin masu rubutun nan da kyaututtuka suka aika wa Amurka, godiya ga abincin da aka kawo musu bayan yaƙi. Akwati guda ne na katako, amma ya ɗauki alkama, ya ɗauki soja, ya ɗauki wanda za a kashe, ya ɗauki tukuici.

Mai karatu a Maraɗi ko Magarya zai iya cewa, ina ruwan ƙasar da ba ta taɓa jin kukan jirgin tururi ba da wannan zance? Ruwanta kuwa ya kai wuya. Arzikin da ya gina manyan gidajen Maraɗi, ya kai alhazan farko Makka, ya biya harajin zamanin Nasara, a cikin taragun zamanin tururi ya yi tafiya, sai dai taragun suna tsaye ne a ƙetaren iyaka.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Ingilishi auduga suke jira don masaƙun ƙasarsu, amma manoma da fatake suka yi nasu lissafi suka zaɓi gyaɗa. Kafin jirgi, abin da Nijeriya ke fitarwa a shekara bai kai tan 2,000 ba. A 1913 ya haura tan 19,000. Ƙasar noman tana nan tun da, manoman ma suna nan. Abin da ya ƙaru shi ne akwatin da zai ɗauki buhu ya kai shi teku, tafiyar fiye da kilomita 1,100, a kan kuɗin da raƙumi da jaki ba za su iya ba. Daga baya aka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma zuwa Nguru a 1930, dukansu suna fuskantar iyakar arewa kamar hannu biyu da aka miƙo. Gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Matamai da Magarya ta bi waɗannan hanyoyi, a kan raƙuma da jakuna da farko, daga baya a cikin kamiyo. Shanu ma suka shiga tarago zuwa Ikko, goro da gishiri da atamfa da kananzir suka hauro. Kwal ɗin da ke tuƙa jirgin kuwa daga ramukan Inugu yake fitowa, inda aka harbe mahaƙa 21 a watan Nuwamba na 1949 a kan rikicin albashi. Shi ma a cikin tarago ake kawo shi, saboda haka wani kaso na taragun yana hidimar cikin jirgin ne kawai.

Sai maganar dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake tunawa da ita da alfahari, har aka buga ta a katin gaisuwa. Dala guda takan ci buhu kamar 15,000, fiye da tan 1,000 ke nan. Kyan gani gare ta, babu musu, kuma leburorin da ke hawa da buhu a ka har ƙololuwa sun cancanci yabo. Amma mai ƙirga ƙusa zai kalle ta da wani ido dabam. Gyaɗa ba don ajiya aka noma ta ba. Dalilin da ya sa dalolin suka yawaita suka daɗe bayan yaƙin duniya na biyu shi ne ƙarancin taragu da kawunan jirgi: yaƙi ya cinye ƙarfe, tsofaffin kaya sun gaji, sababbi ba su iso ba. Amfanin wata kaka yakan tarar da na kakar baya a ƙarƙashin tamfol, ƙwaro yana ɓarna a ciki, har maganar ta kai zauren majalisar Ingila, inda ake fama da ƙarancin man girki. A ƙaddara tarago guda yana ɗaukar tan 25: dala ɗaya tana bukatar taragu 40, kuma kowanne sai ya je Ikko ya dawo. Kowace dala da ke tsaye, jerin taragu ne da bai zo ba. Ga ɗan kasuwa kuwa, dalar buhu da ta kwana a fili, dalar aljihu ce da ba ta juya ba.

Wannan cunkoso, tare da ƙyashin biyan lada da kuɗin Ingilishi, yana cikin abin da ya sa hukumar Faransa ta ƙirƙiro shirin da ta kira Operasiyon Irondel a 1953, da sunan tsattsewa mai zuwa da komowa. Kamiyo ya hauro da kayan kanti daga Paraku, ya koma da gyaɗa, gwamnati ta cike giɓin kuɗin mota, sannan a Paraku a loda wa taragun da za su gangara Kwatano. Dogon nan mai kilomita 438 ya iso Paraku a 1936 ya tsaya cak, bai ƙarasa bakin kogin Kwara ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, wadda daga baya ta zama OCBN. Ta haka Nijar ta zama mai rabo a cikin taragu da kawunan jirgi ba tare da ko mita ɗaya ta dogo a cikin ƙasarta ba. SONARA, da aka kafa a 1962, ta gaji cinikin, kuma gyaɗa ta ci gaba da zama babban abin da ƙasa ke fitarwa har fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa shuka a 1975 suka durƙusar da ita, yuraniyom ya karɓi gaba. Kusan a daidai wannan lokaci ne tururi ma ya gama shuɗewa: Nijeriya ta fara shigo da kawunan dizal tun 1955, Ingila ta kashe wutar nata na ƙarshe a 1968, Faransa a tsakiyar shekarun 1970.

Akwai wani abin dariya mai ɗaci a nan, wanda sai maƙerin maket ne zai lura da shi. Faɗin dogon Nijeriya na da milimita 1,067 ne, na Dahome kuwa 1,000 cif. Bambancin milimita 67 ne kacal, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya isa ya hana taragon Kano taka dogon Paraku har abada, ko da an haɗa layukan. Kowane mai mulki ya zo da awonsa. Idan aka raba su gida 87, ɗaya ya ba da 12.3, ɗaya 11.5, kuma masu wannan sana'a a duniya duka sun daidaita a kan dogo guda mai milimita 12 don su biyun. A kan tebur kaɗai ne taragon gyaɗar Nguru zai iya bin na Kwatano a jeri ɗaya.

Sai dai wa zai ƙera shi? Kundin kayan manyan kamfanonin maket cike yake da taragun Amurka da Jamus da Faransa da Ingila, kowanne da lambarsa da shekararsa. Mai neman na gyaɗar Kano ko na Paraku sai ya zauna ya yanka roba da tagulla da hannunsa, kuma kafin ya yanka sai ya samu awo. Hannun ƙira dai ba a rasa shi ba. Yaran kowace unguwa daga Ƙonni zuwa Gure sun iya ƙera mota da karan dawa da waya da gwangwanin madara, har da sitiyari da ƙofa mai buɗuwa, kuma sukan bambanta Berliet da Mercedes ta siffar goshi, wanda shi ma ƙirga ƙusa ne. Ba su ƙera tarago domin ba su taɓa ganinsa ba. Yaro abin da ya wuce ta ƙofar gidansu yake kwaikwayo.

Abin da ake bukata yana warwatse, kuma yana lalacewa. A Ebute Metta ta Ikko akwai ɗan gidan tarihi na reluwe a tsohon gidan da ake kira Jaekel House. A gefen tashoshin Kano da Zariya da Paraku an sha ganin gawarwakin taragu cikin ciyawa, kuma mai sayen tsohon ƙarfe ya fi mai tarihi saurin zuwa. A cikin adakokin wasu gidajen fatake na Maraɗi da Damagaram ba mamaki a tarar da takardun loda kaya masu ɗauke da lambar tarago da nauyi da kwanan wata da kuɗin kwana da aka biya don jinkirin sauke kaya, irin takardun da magada ke ba mai ƙosai ta naɗe. Takarda ɗaya irin wannan tana faɗin abin da littafin lakwal bai faɗa ba: kwana nawa buhu ke yi kafin ya ga teku, da kuma kaso nawa na kuɗin manomi hanya ta ci. Leburorin da suka loda, da dillalan da suka kwana a tasha suna roƙon akawu ya rubuta musu tarago, ƙalilan ne suka rage.

A watan Janairu na 2016 aka yi bikin buɗe dogon Yamai zuwa Doso, mai kimanin kilomita 140, da faɗin mita ɗaya irin na Paraku, kuma shekarun da suka biyo baya ba su ga jigilar kaya ta yau da kullum a kansa ba. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, kilomita 284, shi kuma da faɗin milimita 1,435. A duka bukukuwan biyu an yi jawabai a kan tasha da dogo da kan jirgi. Tambayoyin da Kano ta koya da tsada a 1948 su ne na ɗan kasuwa: taragu nawa, wane iri, na albasa ne ko na shanu ko na siminti, kwana nawa za su yi su dawo, kuma wane biro ne zai riƙe littafin rabon su.